Baba Kabon da Takardun da Babu Sunansa

Akwai wani magatakarda a ofishin wani ƙauye, dattijo ɗan shekara hamsin da 'yan kai, wanda ko maƙwabtansa sai sun yi tunani kafin su tuna sunansa na gaskiya. Kowa Baba Kabon yake ce masa.

Asalin sunan kuwa daga takardar kabon ne, wato shuɗiyar takardar nan marar kauri da ake sakawa tsakanin takardu biyu, in an yi rubutu a ta sama ya fito a ta ƙasa. Shekara ashirin da bakwai yana aiki da ita. Yatsu uku na hannunsa na dama sun rine, har sabulu ya gaji ya ƙyale su. Matarsa, wadda take ɗinki a gida, takan ce ko cikin mutum dubu ta hango riga mai shuɗin aljihu ta san ita ta ɗinka, ta kuma san wanda ya ɓata ta.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a bakin hanya. Akwai tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da guntun bulo, da benci na baƙi, da wani akwatin ƙarfe a bayan ƙofa. Duk takardar da za ta fita daga ƙauyen, a kan teburin nan ake rubuta ta. Neman gyaran rijiya, rahoton cutar awaki, jerin jariran da aka haifa, sulhun iyakar gona, duk hannunsa ne.

Yana da wata ɗabi'a da ya ɗauka tun shekararsa ta farko. A lokacin ya rubuta takardar neman gyaran rijiya, ta ɓata a ofishin gunduma, aka rantse ba a taɓa aiko ta ba. Abin ya yi masa ciwo. Tun daga ranar, kowace takarda sai ya sa mata lamba a kusurwar sama ta dama, daga ɗaya yana tafe, bai taɓa komawa baya ba. In ya gama rubutu sai ya zare kabon, ya jefa kwafin a akwati, ya ɗauki ta saman ya kai wa wanda zai sa hannu.

Shugabannin ƙauye shida ya yi aiki da su. Wasu sukan karanta kafin su sa hannu, wasu ko kallo ba sa yi. In an yaba takarda a gunduma, shugaba ne ya iya aiki. Baba Kabon bai taɓa damuwa ba. Shi dai a gyara rijiyar.

To, wata safiya sai takarda ta zo daga gunduma. Shi ya buɗe ta, don aikinsa ne. Ya karanta sau ɗaya, ya goge tabarau, ya sake karantawa.

Takardar ta ce daga ƙarshen shekara, duk ma'aikacin ƙauye da ba shi da takardar shaidar karatu zai bar kujerarsa. Amma an bar ƙofa ɗaya. Za a turo masu tantancewa su duba waɗanda suka daɗe suna aiki. Duk wanda ya kawo shaidar aikin da ya yi da hannunsa, za a ɗauki shekarun nan a matsayin karatu, a tura shi kwas na wata shida ya cike abin da ya rage, a ba shi takarda.

Baba Kabon a firamare ya tsaya, shekarar da mahaifinsa ya rasu. Don haka ya san da shi ake. Amma bai tsorata ba. Ya dubi akwatin da ke bayan ƙofa ya ce a ransa, in shaida ce ai ga ta nan har ta yi yawa.

Kafin ya waiwayi nasa, sai abokan aiki suka cika masa benci. Na farko mai kula da rijiyoyi ne, wanda ake wa laƙabi da Guga. Sai mai yi wa dabbobi allura. Sai ungozoma. Duk sun iya aikinsu kamar me, amma biro ba abokinsu ba ne. Shekara da shekaru su ke faɗa, shi ke rubutawa, su sa hannu a ƙasa.

“Baba, ni fa ban san ta ina ake farawa ba,” in ji Guga. “In rijiya ce ka ce in shiga, yanzu sai in tuɓe. Amma fayil?”

“Zauna,” in ji Baba Kabon. “Shekarar da rijiyar bayan makaranta ta rufta, kai ka gano tsagewar tun kafin damina. Lamba dubu ɗaya da ɗari takwas da wani abu ce. Za mu nemo ta asalin.”

Sati biyu ya yi yana wannan hidima. Ya bi ɗakin ajiyar shugaba, ya hau mota ya je gunduma sau biyu, ya tono musu rahotanninsu na asali, ya jera wa kowa nasa, ya ɗaure da zare. Mutum bakwai ya haɗa wa fayil.

Sai da ya sallami kowa, sannan ya jawo akwatinsa ya buɗe.

Ya ɗauki kwafi na farko. Rubutunsa ne, ga lamba a kusurwa. Ya duba ƙasa, babu komai. Ya ɗauki na biyu, haka. Ya zura hannu can ƙasan akwati ya zaro wanda ya yi shekara ashirin, shi ma haka.

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Kullum yana zare kabon kafin a sa hannu. Takardun asali suna ɗauke da sunan wasu. Kwafin da ke hannunsa kuwa ba su ɗauke da sunan kowa. Takarda sama da dubu huɗu, babu ko ɗaya da ta ce shi ya rubuta ta.

Ya mayar da takardun cikin akwati ya rufe.

Wanda aka ɗora wa tattara sunayen masu shiga tantancewa kuwa ba wani ba ne, ɗan ƙanwarsa ne. Yaron ya yi karatu a birni ya dawo, aka ba shi jami'in ayyuka na ƙauye shekara biyu da suka wuce. Ba ya iya gaisawa da mutum minti biyar bai ambaci takardarsa ba, don haka mutane suka sa masa Difloma. Shi kujerarsa ba ta rawa. Sai dai an ce duk mai takarda da ya nuna wani aiki na ƙwarai da ya yi, za a ɗaga masa mataki, shi ma yana haɗa nasa fayil.

Baba Kabon ya ɗaure kwafi kamar hamsin ya kai masa. Ya same shi a gaban kwamfuta.

Difloma ya ɗaga takarda ɗaya da yatsu biyu, ya juya ta, ya ajiye.

“Kawu, mene ne wannan?”

“Shaidar aiki ce. Kwafin abin da na rubuta.”

“Ina sunanka? Ina sa hannu? Ina hatimi?” Ya yi 'yar dariya. “Kawu, waɗannan ai sai dai a ba mai shago ya ƙunsa gishiri. Mutanen nan da za su zo masu ilimi ne fa, ba irin shugabannin da ka saba ba.”

“To ka sa sunana, in sun zo in yi musu bayani da baki.”

“Ni ba zan sa ka a gaban mutane a yi maka dariya ba. Kunyar ai har ni za ta shafa. Ka yi haƙuri, Kawu, zamani ne. Ka yi naka, ka huta. Ranar ma ina so ka taimaka mini da rubuta sunayen mahalarta a bakin ƙofa, tunda hannunka yana da kyau.”

Baba Kabon ya dube shi. Wannan yaro shi ya riƙa ɗora shi a bayan keke yana kai shi makaranta. Takardar neman shiga makarantar birnin ma shi ya rubuta, tana cikin akwati da lambarta. Maganar gishirin ta soke shi ƙwarai. Amma sai ya tattara takardunsa ya ce, “To, Allah ya kai mu.”

Da ya koma gida matarsa na kan keken ɗinki. Tana ganin yadda ya ajiye ƙunshin ta tsayar da ƙafa.

“Malam, lafiya?”

Ya gaya mata. Ta cire zaren da ke bakinta.

“Gishiri? Shi ya ce gishiri? Yaron da na ɗinka wa wandon makaranta har sau nawa! Tashi mu je wajen uwarsa.”

“Ba inda za mu. Me ƙanwata ta sani a ciki? Kuma yaron bai yi ƙarya ba, babu sunana.”

“Kai dai wallahi haƙurinka har haushi yake ba ni. Ka haɗa wa mutum bakwai nasu, kai ka tashi a tutar babu. Shekara ashirin da bakwai ina wanke shuɗi, ashe ma ba a san kana yi ba.”

“Rijiyoyin sun sani,” in ji shi.

“To sai ka kai rijiya gaban masu tantancewa ta yi maka shaida.” Ta ci gaba da taka keke da ƙarfi, har allura ta karye.

Ranar tantancewa aka share babban aji a makarantar firamare. Baba Kabon ya sa rigarsa mai dama-dama, ya zauna a ƙaramin tebur a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo ya rubuta sunansa da aikinsa. Saboda sabo, har kabon ya saka a ƙasa, ya kuma sa lamba a kusurwa. Yana rubutawa yana tunanin wata huɗu suka rage masa a kan teburinsa mai bulo.

Masu tantancewa su uku ne. Shugabarsu wata mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, kowa Malama yake ce mata. Ta fara da fayil ɗin Guga. Ta yi masa tambayoyi a kan rijiyoyi, ya amsa tiryan-tiryan har yana nunawa da hannu. Ta ɗauki na ungozoma. Ta ɗauki na mai allura.

A na huɗu sai ta tsaya. Baba Kabon yana kallonta daga bakin ƙofa. Ta jawo fayil ukun da ta riga ta ajiye, ta buɗe su duka, ta jera su a kan tebur. Ta sunkuya tana duba wannan tana duba wancan.

“A ba ni takardar mahalarta,” ta ce.

Difloma ya taso da sauri ya karɓa daga hannun kawunsa ya miƙa mata. Ta ajiye ta kusa da sauran. Ta ɗago kai.

“Wa ya rubuta wannan?”

“Kawuna ne, ranki ya daɗe,” in ji Difloma. “Taimaka mana kawai yake yi.”

Ta juya ga Guga. “Wannan rahoton naka na shekara goma sha huɗu da suka wuce, wa ya rubuta?”

“Baba Kabon mana. Ni na faɗa, shi ya rubuta. Shi ne ma ya ce in riƙa auna zurfin ruwa duk wata, da ban san ana yi ba.”

“Ni ma shi ne,” in ji ungozoma. “Duk ƙauyen nan wa ke rubutu in ba shi ba?”

Malama ta duba jerin sunayen da aka ba ta tun daga sama har ƙasa. “To ina fayil ɗinsa?”

Difloma ya ce, “Ba shi da shaida, ranki ya daɗe. Takardunsa babu suna.”

“Baba, matso kusa,” in ji ta. “Wannan lambar da nake gani a kusurwar kowace takarda, ta mene ce?”

Ya taso, ya tsaya a gabanta da hannu a baya, don yana jin kunyar yatsunsa. Ya ba ta labarin takardar rijiyar da ta ɓata, da yadda ya fara sa lamba, da akwatin da ke bayan ƙofa.

“Kana nufin kowace lamba tana da kwafi a wajenka?”

“In ɓera bai ci ba, tana nan.”

Ta yi murmushi karo na farko. “A kawo akwatin.”

Guga bai jira an sake faɗa ba. Ya fita da gudu, ya dawo yana turo akwatin a baro, yana haki.

Malama ta zaro takarda daga fayil ɗin ungozoma ta karanta lambar. Baba Kabon ya durƙusa, ya ɗaga ƙunshi biyu, ya zaro kwafi ya miƙa. Ta ɗora ta asalin a kan kwafin ta ɗaga su wajen taga. Harafi ya hau harafi, har inda biro ya zame ya ja ɗan layi. Ta kira wata lamba, ya kawo. Sau tara tana kira yana kawowa. A na ƙarshe ma tun kafin ya zaro kwafin ya gaya mata abin da ke ciki, da shekarar, da sunan shugaban da ya sa hannu.

“Wannan ya fi sa hannu,” ta ce wa abokan aikinta. “Sa hannu kowa na iya yi a minti ɗaya. A rubuta sunansa.”

Baba Kabon ya koma gefe ya zauna a kan akwatinsa.

Sai aka zo kan fayil ɗin Difloma.

Fayil ne mai kyau, an buga shi da kwamfuta, da bango mai sheƙi. A ciki akwai rahoto a kan hanyar kasuwa, wadda ruwa ke yankewa duk damina har motoci su kwana uku ba su shigo ba, kayan gona su lalace. Rahoton ya nuna inda ya kamata a gina kwalbati. A ƙasa ga sunan Difloma da sa hannunsa.

Malama ta karanta tana gyaɗa kai. Sai idonta ya kai kusurwar sama.

“Dubu uku da ɗari tara da goma sha biyu,” ta karanta. “Wannan lambar fa?”

“Lambar ofis ce, ranki ya daɗe,” in ji Difloma. “Kowane rahoto da ita yake fita.”

Ashe da ya zo buga rahoton, ya ga lamba a kusurwa ya ɗauka ta hukuma ce, sai ya kwafe ta tare da komai.

Malama ta juya. “Baba, akwai wannan lambar a akwatinka?”

Baba Kabon ya san tana nan. Ya san ma ƙunshin da take. Damina uku ya yi yana fita bayan kowane ruwa mai ƙarfi, yana taka laka, yana kafa turaku a inda ruwa ya tsaya. Bara ya rubuta rahoton ya ba yaron ya buga masa. Daga nan bai sake jin labarinsa ba.

Ya dubi ɗan ƙanwarsa. Yaron ya yi tsuru-tsuru, gumi na bin wuyansa. Ba don komai ba sai ya tuna ƙanwarsa, da yadda take fita da takardar yaron nan tana nuna wa baƙi. Zai iya cewa ɓera ya ci. Babu wanda zai ƙaryata shi. Amma a shekara ashirin da bakwai bai taɓa cewa takarda ta ɓata alhali tana nan ba, kuma dalilin sa lambar ke nan tun farko.

Ya buɗe akwati, ya zaro, ya miƙa.

Malama ta karanta layi biyu a kwafin, ta karanta layi biyu a bugaggen. Ta ajiye. Difloma ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige.

“Malama, in an ba ni dama,” in ji Baba Kabon. “Rubutun nawa ne, ba zan ɓoye ba. Amma taswirar da ke shafi na ƙarshe tasa ce. Tsawon hanyar ma shi ya auna da na'urarsa. Ni da taku nake aunawa. Wannan ɓangaren ban iya ba.”

Ta rufe fayil ɗin. “Mu je mu ga wurin,” ta ce.

Aka ɗunguma zuwa hanyar kasuwa. Da aka isa ta ce wa Difloma ya nuna inda za a sa kwalbati. Ya waiga dama da hagu, ya nuna wani kwari inda hanya ta lotsa, inda duk baƙo zai nuna.

“Baba fa?”

Baba Kabon ya yi gaba yana ƙirga taku. A na sittin ya tsaya kusa da wata tsohuwar bishiya, ya share ciyawa da ƙafa, sai ga kan turke.

“Da can a kwarin ruwa ke tsallakawa,” ya ce. “Amma tun da aka gina gidajen can na sama, ruwan ya canza hanya. Nan yake fara cin titi, sannan ya gangara ya taru a kwari. In aka gina a kwari, za a ga ruwa na wucewa ta ciki a yi murna, shi kuwa yana nan yana yanke hanya ta sama.”

“Kwalbatin, faɗinsa nawa ya kamata ya zama?”

“Ban sani ba, Malama. Na san ruwan yakan kai mini nan,” ya nuna cinyarsa, “amma lissafin faɗi ban iya ba.”

“Ka iya kwamfuta?”

“Ko kunna ta ban iya ba.”

Ta rubuta a littafinta. “To abin da za ka je ka koya ke nan. Ba za mu zaunar da kai a aji muna koya maka rubuta rahoto ba, kai za ka koya wa wasu.” Ta juya ga Difloma. “Kai kuma na ajiye fayil ɗinka sai baɗi. Abin da ka yi ya isa a rubuta maka takardar gargaɗi. Kawunka ya nemar maka sauƙi, shi ya sa ban rubuta ba. Shekarar nan duk inda ya taka ka taka. In na dawo, aikinka nake son gani.”

Da yamma Baba Kabon na zaune a tsakar gida yana ba matarsa labari, sai aka yi sallama. Difloma ne. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido.

“Kawu, na yi kuskure. Ka yafe mini.”

Kafin kawun ya buɗe baki matarsa ta riga shi. “A'a, sannu da zuwa. Gishiri ka zo saya? Takardun ƙunshin ai suna ofis.”

“Ke dai bari,” in ji Baba Kabon. Ya dafa kafaɗar yaron. “Ya wuce. Gobe ka zo da wuri, ka nuna mini inda ake kunna abin nan naku.”

Kwas ɗin bai zo masa da sauƙi ba. Kwana uku a sati yake hawa mota zuwa gunduma, ya zauna a aji da sa'o'in 'ya'yansa. Satin farko ya danna madannin kwamfuta da irin ƙarfin da yake danna biro, har malamin ya ce, “Baba, a hankali, babu kabon a ƙasa.” Lissafin faɗin kwalbati sai da ya maimaita shi sau uku kafin ya zauna. Difloma ne ke zama da shi bayan an tashi aiki suna bi layi-layi. In an yi ruwa kuma, Baba Kabon ke jan yaron su shiga laka, yana nuna masa yadda ake karanta sawun ruwa a jikin ƙasa.

Su takwas suka gama, aka ba kowa takardarsa. Babu wanda ya bar kujerarsa a ƙauyen. Kafin damina ta gaba aka gina kwalbati kusa da tsohuwar bishiya. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da hantsi, ya wuce ta ƙasa, motocin kasuwa suka wuce ta sama.

Washegari Baba Kabon ya zauna rubuta rahoton aikin. Ya iya kwamfuta yanzu, amma ya ce daftarin farko sai da biro. Ya saka kabon, ya sa lamba a kusurwa, ya rubuta shafi biyu. Da ya gama sai ya zare kabon ɗin, ya ɗauki ta sama, ya miƙe zai nufi gidan shugaba.

“Kawu, ina za ka?” in ji Difloma.

“In kai a sa hannu mana.”

“Ba ka karanta sabuwar doka ba? Kai fa ka buɗe ta. Jami'in da ya rubuta rahoto shi ke sa hannu, shugaba hatimi kawai zai buga.” Ya taso, ya karɓi takardar ya shimfiɗa a kan kwafin, ya daidaita gefe da gefe. Ya ɗauki shuɗiyar takardar ya miƙa masa da hannu biyu. “Mayar da kabon, Kawu.”

Baba Kabon ya koma ya zauna. Ya mayar da kabon a tsakani. Ya danna biro ya rubuta sunansa cikakke, ya sa hannu.

Ya ɗaga ta sama ya duba ta ƙasa. Sunan ya fito shuɗi, raɗau.

Wannan kwafin bai jefa shi a akwati ba. Ya ninke shi ya sa a aljihu ya kai gida. Matarsa ta karanta, ta sake karantawa, ta goge ido da gefen mayafi. Sannan ta dubi aljihun rigar, ta ga sabon shuɗi ya fito, ta ce, “Wannan kam ba zan wanke ba.”

Darasi: Shekarun da mutum ya yi yana aiki da gaskiya ilimi ne, ko da babu takardar da ta ambaci sunansa. Kada mai takarda ya raina mai gogewa, kada kuma mai gogewa ya ji kunyar cewa “ban sani ba” ya koma aji. In aka haɗa biyun ne hanya ke gyaruwa, ƙauye ya ci gaba. Kuma taimakon da ka yi wa abokan aiki ba ya ɓata, wata rana shi zai tsaya maka shaida. In akwai irin Baba Kabon a ofishinku ko unguwarku, ku gaya masa kun san aikinsa tun yana da rai, sannan ku tura wannan labari ga wasu su ma su karanta.